Ƙuryar Zuciya da Dajin Birnin Gwari: Gwajin Ra'in Firoid a kan Ganɗoki da Shaihu Umar

Manufar wannan maƙala ita ce a gwada wani ra'i na masana halayyar ɗan Adam a kan littattafai biyu daga cikin ƙagaggun labarai na farko da aka buga da Hausar boko, watau Ganɗoki na Malam Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, domin a ga inda ra'in zai haska mana wani abu da kuma inda zai ɓad da mu. Ra'in kuwa shi ne na Sigmund Freud (1856–1939), likitan nan na birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya, wanda za mu riƙa rubuta sunansa Firoid bisa ga yadda ake furta shi. Dalilin haɗa littattafan nan biyu shi ne labarinsu duka ya taso ne daga yanki ɗaya, watau dazuzzukan da suka shimfiɗu daga Kwantagora da Kagara har zuwa Birnin Gwari, abin da mutanen da suke kira ƙasar Gwari. Littattafan suna cikin waɗanda gasar Hukumar Fassara ta Zariya ta 1933 ta haifar a ƙarƙashin Dokta R. M. East. Yankin nan kuwa ya sake shiga bakin duniya a shekarun baya-bayan nan saboda hare-haren 'yan bindiga, har ya zama malamin da zai karantar da Shaihu Umar a yau ba zai iya wuce babinsa na farko ba tare da ɗalibansa sun tuna da abin da suka ji a rediyo ba.

Ra'in a taƙaice

Firoid ya ɗauka cewa abin da mutum ya sani game da kansa kaɗan ne ƙwarai daga cikin abin da ke ransa. A laccocinsa na 1916 zuwa 1917 ya kwatanta zuciya da ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, da mai gadi tsaye a bakin ƙofar yana zaɓen wanda zai wuce. Bahaushe ba zai sha wahalar fahimtar wannan misali ba, domin kuwa gidansa ma haka yake: akwai zaure inda ake karɓar baƙi, akwai ƙuryar ɗaki inda ake ajiye abin da ba a so a gani. Saboda haka a nan za mu kira ɓoyayyen sashen nan ƙuryar zuciya. Aikin mai gadin kuwa, watau mayar da wani buri ko wani tunani mai ciwo ciki tun kafin mai shi ya ankara da shi, za mu kira shi danniya. Kalmar tana da wata fa'ida da takwararta ta Jamusanci ba ta cika da ita ba, domin a Hausa danniya ita ce kuma abin da mai ƙarfi yake yi wa marar ƙarfi, kuma za a ga ma'anonin nan biyu suna cin karo da juna a littattafan da muke dubawa.

Abin da aka danne, in ji Firoid, ba ya mutuwa. Yakan nemi hanyar fita cikin ɓad-da-kama, ta suɓul-da-baka, ko ta ba'a da barkwanci, ko ta ciwon jiki wanda likita bai ga dalilinsa ba, ko kuma ta mafarki. A littafinsa na fassarar mafarki, wanda ya fito a ƙarshen 1899 amma aka buga masa shekarar 1900, ya ce kowane mafarki yana da zahiri da baɗini, kuma baɗininsa biyan wani buri ne da aka hana. Tsakanin baɗinin da zahirin akwai dabaru. Ɗaya ita ce dunƙule abubuwa da yawa cikin siffa guda. Wata kuma ita ce ɗauke nauyin al'amari daga inda yake a aza shi a kan wani abu na kusa da shi wanda ba a jin tsoron ambatonsa, abin da Hausawa suka riga suka yi wa suna da cewa an bar jaki ana dukan taiki. A wata maƙala ta 1908 ya faɗaɗa zancen, ya ce mai ƙaga labari ma mafarkin ido-biyu yake yi, tauraron labarinsa kuwa shi ne yake cim ma abin da ya gagari marubucin.

Ya kamata a faɗa tun yanzu cewa masu binciken ƙwaƙwalwa ba su tabbatar wa Firoid da yawancin wannan ba. Tun daga 1953, sa'ad da Aserinsky da Kleitman suka gano matakin barcin da ido yake motsi cikinsa, nazarin mafarki ya kama wata hanya dabam, kuma a 1977 Hobson da McCarley suka kawo bayanin da ba ya bukatar wani mai gadi ko wani buri ɓoyayye. Malinowski ma tun 1927 ya yi gardamar cewa rikicin ɗa da uba da Firoid ya mayar gadon kowane ɗan Adam bai zauna daidai ba a tsibiran Turobiriyan, inda kawu ne mai iko da yaro. Don haka abin da za mu ara daga Firoid dabarar karatu ce kawai: a lura da inda labari ya yi tsalle, da inda ya yi shiru, da inda ya zuba hawaye fiye da kima.

Akwai wani bambanci da in ba a kiyaye shi ba nazarin duka zai rushe. Al'adar Hausawa cike take da haɗiye magana: kunya, da kara, da kawaici, da alkunyar da kan hana uwa ambaton sunan ɗanta na fari. Ana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To, amma duk waɗannan mai yin su ya san abin da ya haɗiye, yana sane ya zaɓi yin shiru, jama'a kuma suna yaba masa. Danniyar Firoid kuwa mai ita bai san ya yi ta ba, in ma aka nuna masa sai ya yi musu da gaskiyarsa. Manazarcin da ya ga kawaici ya kira shi danniya ya mayar da ladabi cuta ke nan.

Haka kuma Bahaushe bai jira Biyana ba kafin ya sami ilmin mafarki. Hadisin da ke cikin Buhari da Muslim ya kasa mafarki uku: na gaskiya wanda yake bushara daga Allah, da na tsoratarwar Shaiɗan, da wanda yake zancen zuci ne kurum, watau abin da mutum ya yini yana saƙawa. Littafin fassarar mafarki da ake jingina wa Ibn Sirin, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, ya daɗe a hannun malaman zaure. Idan aka auna, Firoid ya ɗauki kashi na uku ne ya ce shi ke nan mafarki, sa'an nan ya ƙara da cewa zancen zucin yana da zurfin da mai shi bai sani ba. Malamin zaure yana tambayar mafarki abin da zai zo, Firoid yana tambayarsa abin da ya wuce.

Ganɗoki

Ba a sami littafin da ya fi Ganɗoki kama da abin da Firoid ya kwatanta a maƙalarsa ta 1908 ba. Kashin farko na littafin tarihi ne wanda mutane da yawa da suka gan shi da idonsu suna raye lokacin da aka buga shi. Ganɗoki jarumi ne na Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, ya ga zuwan Turawa, ya yi yaƙi da su, aka ci ƙasarsa. Tarihi ya nuna Kwantagora ta faɗi a farkon 1901, Bida ta bi ta, Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903, aka ƙare a Burmi cikin watan Yuli na wannan shekara. Daga nan sai littafin ya sauya kama gaba ɗaya. Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka yi gabas, suka shiga duniyar aljannu da dodanni, inda takobi yake da amfani har yanzu, inda babu bindiga mai ruwa, inda jarumi yake cin gari ya musuluntar da mutanensa. Da ya komo gida sai ya tarar zamani ya canza, littafin kuma bai yi jayayya da sabon zamanin ba.

Manazarta sun daɗe suna ganin wannan tsalle daga tarihi zuwa tatsuniya a matsayin rauni na zubi da tsari, kamar an ɗinka riguna biyu da ba su dace ba. A ganina ra'in Firoid ya fi wannan hukunci adalci ga littafin. Kashi na biyu amsa ce ga kashi na farko. Yaƙin da aka rasa a gaban sojan Lugga shi ne aka sake yi a ƙasar aljannu aka ci, kuma da ba a yi wannan tafiya ba, da jarumin ba shi da fuskar da zai komo ya zauna lafiya a ƙarƙashin waɗanda suka kore shi. An bar Bature ana dukan aljani. In an karanta shi haka, littafin yana da gini ɗaya daga farko har ƙarshe.

To, amma fa a nan ne ya kamata a tsaya a yi tambaya: wane ne mai gadin ƙofa a wannan labari? Firoid ya ari siffar mai gadinsa ne daga ma'aikatan gwamnati masu tace jaridu, ya mayar da ita cikin zuciya. A sha'anin Ganɗoki kuwa ba sai an shiga zuciyar kowa ba, domin mai tacewar yana zaune a ofis a Zariya, shi ya sa gasar, shi zai karanta rubutun, shi zai buga shi a raba wa makarantun gwamnati. Malam Bello, wanda aka haifa a 1890, yaro ne mai wayo sa'ad da aka ci Kwantagora, kuma malami ne a Kwalejin Katsina sa'ad da ya rubuta littafin. Mutum irin wannan ya san sarai abin da za a iya faɗa da abin da ba za a iya faɗa ba. Abin da ya yi ya fi kusa da hikimar mawaƙin fada wanda yake yin habaici a gaban wanda yake yi wa, ya kuma karɓi kyauta. Danniya ce, amma ta ma'anar nan ta biyu, ta mai mulki a kan wanda ake mulka. Wanda ya ce Malam Bello bai san abin da alƙalaminsa yake yi ba ya rage masa daraja, ya kuma sauke wa mulkin mallaka wani nauyi da yake nasa ne.

Akwai dai wani shiru a littafin wanda Dokta East ba shi ya sa shi ba. Jaruntakar da Ganɗoki yake taƙama da ita kafin zuwan Turawa, a kan wa aka yi ta? Daular da Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu ta wajen Sarkin Musulmi Atiku, ya kafa a tsakiyar ƙarni na 19, wadda ɗansa Ibrahim ya gada, ta rayu ne a kan kai hari ga Gwari da Kamuku da Kambari da maƙwabtansu, har sunan Nagwamatse ya zama abin tsoro a yankin duka. Turawa kuwa da wannan harin bayi suka kafa hujjar cin Kwantagora, saboda haka da marubuci ya nuna tausayin waɗanda aka kama, da ba abin da zai fi faranta wa mai tacewa rai. Duk da haka mai karatu zai gama littafin yana jin zafin faɗuwar masu doki, bai ji komai ba game da waɗanda dokin ya taka. Wannan shiru ya fi bayyana a littafi na biyu.

Shaihu Umar

Labarin ya fara ne a garin da marubucin ya kira Kagara. Makau, mijin mahaifiyar Umar, bafade ne, sarki ya tura su hari ƙasar Gwari, suka komo da bayi, 'yan'uwansa fadawa suka yi masa hassada suka zarge shi da ɓoye wasu daga cikin waɗanda ya kamo, aka kore shi daga gari. Daga wannan kora ne duk masifun littafin suka biyo baya: aka sace Umar yana ƙarami, ya bi hannu-hannu har Kano, Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi ƙetaren Sahara, ya yi karatu ya zama malami, mahaifiyarsa kuma ta fita nemansa, aka yaudare ta aka bautar da ita, aka kai ta Murzuk da Tarabulus, suka sadu a ƙarshe tana gab da mutuwa.

Kowa ya yarda littafin nan yana nuna munin bauta, kuma fassarar Hiskett ta 1967 da fim ɗin Adamu Halilu na 1976 sun ƙara yaɗa wannan fahimta. Amma sai mai karatu ya lura da yadda aka raba tausayi a cikinsa. Zaluncin da ya buɗe labarin, a idon mai ba da labarin, shi ne ƙazafin da aka yi wa Makau. Gardamar da aka yi a gaban sarki ta lissafi ce, watau bayi nawa ya kama, nawa ya nuna. Mutanen da ake lissafawa ba su da suna, ba su yi magana ba, ba a ce suna da uwayen da za su fita nemansu ba, kuma da zarar an gama shari'ar sai suka ɓace daga littafin. Sa'an nan sai littafin ya ɗauki daidai abin da aka yi musu, watau raba ɗa da uwa, da saye da sayarwa, da tafiya ƙasar da ba a komowa, ya aza shi a kan iyalin wanda ya kamo su, ya kuma bi shi daki-daki har mai karatu ya yi hawaye. Abin da aka ƙi dubawa a babin farko shi ne ya cika sauran babobin, sai dai an sauya masa fuska, an ba shi fuskar 'ya mace Musulma wadda aka haifa cikin 'yanci, wadda kuka dominta ba zai tayar da wata tambaya ba.

A nan kam dabarar Firoid ta yi aiki, domin ta nuna wata alaƙa tsakanin farkon littafin da ƙarshensa wadda Shaihu Umar, mai ba da labarin, bai taɓa ambata wa almajiransa ba. Shi a wurinsa duk abin da ya faru ƙaddara ce da jarrabawa, kuma muryarsa ba ta tashi ba ta sauka. Wannan natsuwa ita ce kyan salon littafin, ita ce kuma murfin da ya rufe tambayar.

Mafarkin da ke cikin littafin ma ya cancanci a tsaya a kansa. Umar ya girma a hannun Abdulkarim cikin gata da karatu, ya zauna shekaru ba tare da zancen mahaifiyarsa ya dame shi ba, sai mafarki ya tayar masa da hankali a kanta, ya nemi a bar shi ya koma. Malamin zaure zai ce mafarkin gaskiya ne, domin kuwa a daidai lokacin tana cikin wahala, kuma labarin ya gaskata shi. Firoid zai ce yaron da aka raba da uwarsa bai manta ba, binnewa ya yi don ya iya zama ɗa a gidan wani, kuma abin da aka binne ya sami ƙofa da dare. Littafin ya ɗauki fassarar farko a fili. Amma bai hana ta biyu ba, kuma ita ce take bayyana abin da ta farko ta bari, watau dalilin da ya sa malamin da ya san hakkin uwa a shari'a ya jira sai da mafarki ya tuna masa.

Wasu za su so su wuce nan su shiga zuciyar marubucin kansa, tun da an san Abubakar Tafawa Ɓalewa ba ɗan sarauta ba ne, mahaifinsa mai hidima ne a gidan hakimi a ƙasar Bauci. Ni ban ga hujjar yin haka ba. Firoid da kansa yana fassara mafarki ne da taimakon mai mafarkin, yana tambayarsa abin da kowace siffa ta tuna masa, marubucin kuwa an kashe shi a Janairun 1966, ba ya nan balle ya amsa. Abin da ke gabanmu rubutu ne, da kuma jama'ar da ta karanta shi shekara da shekaru a makarantu ba tare da ta tambayi ina bayin Makau suka shiga ba. In akwai danniya, a nan ya kamata a neme ta. Harshen ma yana da abin cewa. Mutanen da suke kiran kansu Gbagyi, Hausa ta ajiye sunansu a kayan gwari na kasuwa, ta kuma ajiye shi a gwaranci, watau maganar da ba a fahimta, da kuma tarin labaran ba'a na Bagwari. Firoid ya rubuta littafi guda a 1905 a kan cewa barkwanci hanya ce ta faɗin abin da ba a iya faɗa kai tsaye, kuma ba abin mamaki ba ne jama'a ta mayar da wanda ta cuta abin dariya, domin wanda ake yi wa dariya ba a jin nauyinsa. Ana iya mayar da martani cewa wasan barkwanci tsakanin ƙabilu tsohuwar hanyar zumunci ce, wannan kuma gaskiya ne. Sai dai zumuncin wasa yakan tafi ne ta ɓangarori biyu, kuma ya kamata wani mai nazari ya tattara abin da Gbagyi suke faɗa game da Bahaushe kafin a yanke hukunci.

Dajin kansa

Yanzu sai mu zo inda ra'in yake da haɗari. A tunanin Bahaushe gari da daji kishiyoyi ne. Gari yana da ganuwa da sarki da masallaci, daji kuwa mazaunin Dodo ne da iskoki da namun dawa, ba mai shigarsa sai maharbi da makiyayi da wanda aka kora. Tatsuniya, wadda ba a yin ta sai da dare, kullum tana tura yaro ko yarinya daji su gamu da abin da gida ya ɓoye musu, kamar ƙiyayyar kishiyar uwa ko sakacin uba. Wanda ya karanta Firoid ba zai daɗe ba zai ce ai daji shi ne ƙuryar zuciyar gari. In a tatsuniya aka tsaya, kwatancin yana da amfani. Matsalar ita ce yana da sauƙin zamewa zuwa dajin gaske, har a ce 'yan bindigar da suka fito daga dajin Kamuku da na Kuyambana su ne abin da aka danne ya komo.

Dajin Birnin Gwari wuri ne mai iyaka da tarihi. An keɓe Kamuku a matsayin gandun daji a 1936, aka mayar da shi gandun ƙasa a 1999, faɗinsa ya ɗara murabba'in kilomita 1,100, kuma yana haɗe da dazuzzukan Zamfara da Neja da Katsina. Akwai zinariya a ƙasar, akwai hanyoyin da suka haɗa Kaduna da Funtuwa da Tegina, akwai makiyaya da manoma da suka daɗe suna gardamar burtali da gona. A watan Mayu na 2018 an kashe mutum fiye da 40 a ƙauyen Gwaska. Ranar 17 ga Fabrairu 2021 aka kwashe mutum 42, 27 daga cikinsu ɗalibai, daga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara, garin su Malam Bello da ƙanensa Abubakar Imam. Ranar 7 ga Maris 2024 aka kwashe 'yan makarantar Kuriga, a kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da waɗanda suka aikata shi, da waɗanda suka sayar musu da makamai, da waɗanda hakkin tsaro yake wuyansu.

An taɓa yin irin wannan gardama a wani wuri. A 1950 Octave Mannoni ya buga littafi a kan halayyar mutanen Madagaska, ya kawo mafarkan yara waɗanda suke ganin baƙin sa yana bin su ko soja da bindiga, ya fassara su da ma'aunin masu tarken zuciya, ya ce alamu ne na tsoron rasa majingina. Frantz Fanon, wanda shi ma likitan ƙwaƙwalwa ne, ya mayar masa da martani a 1952 cewa an yi mafarkan nan ne bayan tawayen 1947, sa'ad da sojan Faransa suka kashe dubban mutane, saboda haka bindigar da yaron ya gani bindiga ce. Haka nan matar da ta gudo daga ƙauyen Birnin Gwari, in tana firgita da dare tana jin ƙarar babura, babura take ji. Firoid da kansa ya gamu da wannan a sojojin da suka komo daga Yaƙin Duniya na Farko, waɗanda mafarkinsu yake maimaita musu abin da ya same su ba tare da wata ɓad-da-kama ba, har ya amsa a 1920 cewa irin wannan mafarki bai shiga ƙa'idarsa ta biyan buri ba. Binciken da aka yi daga baya a kan waɗanda suka tsira daga yaƙi ko garkuwa ya nuna yawancinsu abin da yake damunsu shi ne kasa mantawa.

Akwai kuma kuskuren tarihi a cikin kwatancin. In abin da aka danne ne ya komo, da zuriyar waɗanda aka bautar ne suke riƙe da bindiga. Ba haka abin yake ba, domin manoman yankin, Hausawa da Gwari da Kamuku, da Fulanin da aka sace wa shanu, su ne dai a ƙasa. Abin da ya komo shi ne sana'ar: hari da asuba, da kora mutane cikin daji, da kuɗin fansa, da harajin da manomi yake biya kafin a bar shi ya shiga gonarsa. Kalmomin hari da fansa ma tsofaffi ne, Makau zai gane su. Bayanin wannan yana wurin masana tarihi da tattalin arziki, waɗanda za su nuna yadda dajin da hukuma ba ta kai gare shi yakan sake haifar da kasuwar mutane duk lokacin da mutum ya fi abin da yake nomawa tsada.

Inda nake ganin Firoid yana da sauran abin faɗa a wannan yanki shi ne bayan an ajiye makamai. A ƙarshen Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi wasu 'yan bindiga da suka ce sun tuba, aka sake buɗe kasuwar shanu wadda ta yi shekaru a rufe. Sulhu irin wannan yakan zo da roƙon a yi haƙuri a bar tone-tone, kuma al'adarmu tana da kayan aikin da za su sa a amsa roƙon, ga haƙuri, ga kawaici, ga barin komai ga Allah. A maƙalarsa ta 1914 Firoid ya ce majinyacin da bai iya tuna abu da baki ba yakan maimaita shi da aiki. Ba a tabbatar da wannan a kan al'umma ba, kuma jama'a ba majinyaci ɗaya ba ce. Amma littattafan da muka duba sun nuna abin da ya faru a karon farko: shekara talatin da 'yan kai bayan an hana harin bayi, marubuta biyu masu basira suka rubuta labarin yankin, aka ji muryar jarumin da ya kai harin, aka ji ta ɗan bafaden da ya kai harin, ba a ji ta ƙauyen da aka kai wa ba. Sassan Hausa na jami'o'in Zariya da Kaduna da Kano suna da ɗaliban da suka fito daga Kuyello da Randagi da Dogon Dawa da Damari, waɗanda za su iya ɗaukar bayanin mutanensu da harshen da aka yi abin, har da mafarkan da suke yi, a rubuta su yadda aka faɗe su kafin wani ya zo da fassara.